Muryar Namangi a Kwanar Ɗangora

Idan kaka ta yi, Kwanar Ɗangora ba ta barci. Nan ne hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, saboda haka duk motar da ta ɗauko masara daga Doguwa ko shinkafa daga Tudun Wada sai ta ɗan ja birki a wurin, direba ya sha shayi, yaran mota su ƙara ɗaure buhuna. A cikin wannan hayaniya na tsaya wata rana da hantsi ina jiran mota ta cika, sai ga makafi uku sun ratso tasha a jere, hannun kowane a kafaɗar na gabansa, wani yaro riƙe da bakin sandar na farko. Dattijon da ke tsakiya shi ke bayarwa, sauran biyun suna karɓa. Muryarsa ta dushe, amma ba ta karkace ba ko sau ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na rubuta wannan. Direbanmu ya miƙa hannu ya rage rediyo ba tare da kowa ya ce masa ya rage ba. Wata mai fura da nono da ke tsugune gefen mota ta ci gaba da dama furarta, leɓɓanta suna motsi tare da na dattijon, tana riga shi kaiwa ƙarshen kowane baiti. Da aka ambaci sunan Manzon Allah, motar nan gaba ɗaya ta amsa da salati, har da wanda ke tsakiyar ciniki ta waya.

Na juya wurin saurayin da ke zaune kusa da ni, na tambaye shi ko ya san wanda ya yi waƙar. Ya ce, "Ai Malam, waƙar makafi ce." Bai san ya faɗi gaskiya fiye da yadda yake nufi ba. Waƙar Imfiraji ce, wanda ya tsara ta kuwa makaho ne, Alhaji Aliyu Namangi na Zariya.

An haifi Aliyu wajen shekarar 1894 a ƙauyen Namangi ta ƙasar Zazzau, sunan garin ne ya bi shi har ya zama nasa. Ciwo ya tafi da idanunsa tun yana ƙaramin yaro. Ya rasu a 1990, yana neman cika shekara ɗari. Wanda ya ɗan tsaya ya auna tsakanin waɗannan shekaru biyu zai ga irin duniyar da ta shuɗe ta gabansa. An haife shi Daular Usmaniyya tana tsaye, sarakuna suna kai gaisuwa Sakkwato. Bai fi shekara tara ba lokacin da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya a farkon 1903, ta biyo ta Bebeji, ta fasa ƙofar garin da igwa, sarkin garin ya rasa ransa, sannan ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Ya ji zuwan jirgin ƙasa, ya ji an tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi a 1920 an kai shi Lakwaja, sarkin da shi kansa gwanin waƙa ne. Ya ji murnar 'yancin kai a 1960, ya ji kukan yaƙin basasa, ya rayu har zamanin mulkin soja na Babangida. Duk wannan da kunne ya shaida shi.

Ita wannan hanya da sojan Morland suka bi, daga Zariya ta Bebeji zuwa Kano, tsohuwar hanyar fatake ce. Ta nan goro da gishiri da tufafi suke bi, ta nan almajirai ke tafiya ci-rani, ta nan kuma makafi ke bin kasuwanni ɗaya bayan ɗaya. Mu mutanen Kiru da Bebeji, Zazzau maƙwabciyarmu ce ta bayan danga. Ba abin mamaki ba ne waƙar da aka tsara a Zariya ta zauna a bakinmu kamar a gidan ubanta aka haife ta.

Karatun Namangi na kunne ne da hadda. A makarantar allo yaro mai ido yana da inda zai koma idan ya manta, ya duba allonsa. Makaho ba shi da allo sai ƙirjinsa. Ana biya masa, yana maimaitawa, har abin ya zauna. Haka ya yi Alƙur'ani, haka ya zauna gaban malamai ya ji littattafan addini da waƙoƙin yabon Annabi na Larabci irin su Ishiriniya da Burda, waɗanda har gobe ake rerawa a zaurukanmu, musamman a watan Maulidi. Ya kuma tarar da gadon waƙar wa'azi cikin Hausa wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'ya'yansa da almajiransa suka bari, irin su Nana Asma'u. Ba daga sama ya faɗo ba. Sai dai abin da ya yi da wannan gado, ba kowa ya yi shi ba.

A zamaninsa akwai wani kiɗa da ake kira caji, wanda ya ɗauke hankalin samari da 'yan mata. Kiɗan dandali ne, da rawa, da maganganun da dattijo ba zai so ya ji a bakin ɗansa ba. Malamai sun yi ta tsawatarwa, caji kuwa sai ƙara bunƙasa yake, domin daɗin karinsa ya riga ya shiga jinin mutane. Namangi ya saurara da kunnen da ya fi na kowa kaifi, ya gane cewa laifin ba na karin ba ne, na abin da aka ɗora masa ne. Sai ya ɗauki karin, ya sauke masa kayansa, ya ɗora masa yabon Annabi da tunatarwa kan lahira. Wanda ya saba kaɗa kai idan an buga caji, sai ya tsinci kansa yana kaɗa kai ga wa'azi.

A ganina wannan ita ce babbar hikimar mutumin, kuma tana buƙatar ƙarfin hali. Mawallafan da suka gabace shi galibi a kan ma'aunan waƙar Larabci suke gina baitocinsu, kuma ana ganin hakan shi ne alamar malanta. Shi ya sunkuya ya ɗauko daga dandali. Manazarta sun daɗe suna tattauna wannan kari. Akwai masu auna shi da arulin Larabci, akwai kuma irin su Farfesa Russell Schuh na Amurka, wanda Hausawa ke kira Malam Takalmi, da ya yi rubutu na musamman a kan karin Imfiraji a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Yau caji ya zama labari, sai dai tsofaffi su tuna. Karinsa kuwa yana nan da rai a cikin rigar da Namangi ya sa masa.

Tsarin waƙar 'yar biyar ce. Ɗango huɗu na farko gajeru ne, suna tafiya da sauri, suna amsa wa juna amo, kamar mai hawa matakala. Na biyar shi ne masauki, shi ke ɗauke da babban amsa-amon da ya ɗinke baiti da baiti. Wanda ya taɓa jin ta a bakin gwani ya san yadda numfashin mai sauraro ke ɗaurewa a ɗango huɗun nan, sai an kai na biyar ya sake shi. Ban sha mamaki ba da na ji cewa kalmar Imfiraji daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci, buɗi bayan tsanani. Kowane baiti ɗan ƙaramin imfiraji ne. Wannan tsari kuma ya dace da mutumin da ba ya rubutu: amon yana riƙe masa hanya, kamar yadda sanda ke riƙe masa hanyar masallaci. A ka yake tsarawa, ya juya, ya gyara, sannan ya faɗa masu alƙalami su rubuta.

Waƙoƙin Imfiraji da aka buga kashi tara ne. Ba labari ɗaya ba ne mai farko da ƙarshe. Ya fi kama da hirar malami da almajiransa a dare mai tsawo: ya yi begen Annabi, ya gangaro kan halin duniya da yaudararta, ya shiga zancen mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar ƙiyama, ya juyo kan mutanen zamaninsa da abin da ya ji suna aikatawa, sannan ya koma begen da ya fara da shi, domin can ne gidansa. Akwai wuraren da harshensa ke da kaifi, wanda aka taɓa zai ji zafi. Akwai wuraren da tsoro ke kama mai sauraro har tsigar jikinsa ta tashi. Na san masu cewa wa'azin tsoratarwa ya yi yawa a waƙoƙin magabatanmu, kuma ban ce ba su da hujja ba. Amma wanda ya saurari Imfiraji da kyau zai lura cewa Namangi ba ya tsayawa a kan tudu yana nuna mutane da yatsa. Yana sa kansa cikin masu laifi, yana roƙa wa kansa gafara tare da su. Ba ya kuma barin mutum a bakin rami, sai ya kamo hannunsa ya nuna masa ƙofar rahama.

Sai kuma Hausarsa. Malami ne, ya san Larabci, amma bai cika waƙarsa da kalmomin da sai an nemi mai fassara ba. Da Hausar gida ya yi magana, ta tsakar gida da gona da kasuwa, wadda matar aure a cikin kulle da ɗan dako a tasha za su gane ba tare da an yi musu sharhi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan hotunan da ke cikinta. Mutumin da bai ga duniya ba sai a 'yan kwanakin yarinta, shi ne yake zana wa masu ido abubuwa har su ga kamar a gabansu ake yi.

A wurin kakata na fara jin ta, a wani ƙauye na ƙasar Bebeji. Ba ta karanta boko ba, ba ta karanta ajami ba. Da azahar, idan an gama aikin gida, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta ɗauko audugarta da mazari, ta shafa alli a yatsu, ta fara kaɗi. Mazarin yana juyawa, waƙar tana fita ƙasa-ƙasa, kamar ba da mu take ba. Idan zare ya tsinke sai waƙar ta tsaya, ta lashi yatsa ta haɗa shi, ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya. Idan ta zo wurin da ake begen Madina, sai hannun ya yi sanyi, mazarin ya kwanta, ta goge ido da gefen mayafi. Allah bai nufe ta da zuwa Hajji ba. Wata rana na ce mata, "Iya, me ya sa ki kuka?" Ta ce, "Ɗan nan, tafi ka yi wasanka, ziyara nake." Sai da na girma na gane amsar.

Mutanenmu suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, suka koma sabon matsuguni. An bar kuka da rijiya da kushewar iyaye a ƙarƙashin ruwa. Abin da ke cikin ka kuwa ba ya buƙatar jaki. Waƙar ta bi kakata zuwa sabon gida, daga bakinta ta shiga na 'ya'yanta mata, ko da yake kowace ta riƙe abin da ta iya riƙewa ne kawai, wata baiti goma, wata ashirin.

Littafi ma ya yi nasa aikin, kuma a nan Namangi ya yi sa'ar gari. Zariya ita ce cibiyar ɗab'in Hausa. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC a 1966. Ta wannan hanya Imfiraji ta hau takarda, ta shiga buhun masu tallar littattafai da ke baza kaya a ƙofar masallatan Juma'a da kasuwannin ƙauye, gefe ɗaya da Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya. 'Yan boko suka same ta a aji, almajirai suka same ta a zaure. Kaɗan ne cikin rubuce-rubucen Hausa suka samu shiga gidajen nan biyu lokaci guda.

Zamaninsa zamanin manyan mawallafa ne. Sa'adu Zungur ya yi waƙa ya girgiza sarakuna da 'yan siyasa. Mu'azu Haɗeja ya yi wa'azi da harshe mai kama da bulala. Aƙilu Aliyu ya yi wasa da Hausa yadda ba a taɓa gani ba. Dukansu ana girmama su, ana karanta su a jami'o'i. Amma idan ana zancen wanda tsohuwa a Riruwai da mai shayi a Kafin Maiyaƙi za su iya rera baitinsa da ka, ba tare da sun taɓa riƙe littafi ba, to Namangi ne. Waɗancan an san sunansu fiye da baitocinsu. Shi an san baitocinsa fiye da sunansa.

Bayan Imfiraji yana da wasu waƙoƙin. Akwai Nuniya, wadda ta bi tarihin Manzon Allah. Akwai kuma Waƙar Keke, wadda Baturen nan Mervyn Hiskett ya tattauna a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa da ya fito a 1975. Makaho da waƙar keke! Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mutumin bai rufe kunnensa ga sababbin abubuwan zamani ba, kuma yana da raha.

Turawan Ingila suna da nasu makahon mawaƙi da suke ji da shi, John Milton, wanda ya shifta wa marubuta babbar waƙarsa ta faɗuwar Annabi Adamu daga Aljanna, aka buga ta a 1667. Larabawa suna da Bashar ɗan Burdu da Abul Ala'il Ma'arri. Sai dai Milton ya haura shekara arba'in kafin idonsa ya tafi, bayan ya ƙoshi da karatun littattafai da idonsa. Namangi ya fi kusa da Ma'arri, wanda shi ma tun yana yaro ya rasa gani. Turawan Ingila sun adana gidan da Milton ya zauna, ana zuwa ziyara, yaransu suna karanta shi a makaranta. Namu, Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa tun yana raye, shi ya sa ake ce masa Dokta Aliyu Namangi. Na kan yi tunanin ranar nan: dattijo makaho, almajirin zaure, an riƙo hannunsa an shigo da shi gaban shaihunan boko, an yafa masa alkyabbarsu. Jami'ar ta yi abin da ya dace, kuma ita ma ta ƙaru da shi.

Da kaset ya zo, waƙar ta samu sabuwar murya. Mutane da yawa na tsarata a bakin Fauziyya Sarki Abubakar suka ji Imfiraji a jere, daga rediyo ko daga rakodar mai shago. Yanzu tana cikin wayoyi, ana tura wa juna, musamman da azumi. Ban raina wannan ba. Amma wanda ke da waƙa a waya ba lallai ne yana da ita a ka ba, kuma Imfiraji a ka aka haife ta.

Su makafi su ne suka yi dakonta shekara da shekaru, kuma a nan maganar take da nauyi a zuciyata. Ba na kare bara. Ba na so in ga yaro mai shekarun makaranta yana jan sanda daga kasuwa zuwa kasuwa. Gwamnatin Kano ta hana bara a tituna a 2013, ta sake jaddada hanin a 2020, kuma akwai dalilai na gaskiya a bayan hakan. Sai dai ya kamata a faɗi abin da Namangi ya yi wa waɗannan bayin Allah. Ya ba su abin da za su bayar kafin su karɓa. Makahon da ya tsaya a ƙofar gida ya rera Imfiraji ba hannu kawai ya miƙa ba. Ya kawo wa matan gidan karatu har tsakar gida, ya tuna wa maigida kabarinsa, ya sa yara sun yi salati. Kwanon hatsin da aka ba shi ya fi kama da abin sadakar malami. Kuma duk lokacin da ya buɗe baki, yana shaida wa garin cewa ɗaya daga cikin mafi girman fasihan Hausa irinsa ne. Ina so yaran da ke karatu a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, da 'yan'uwansu da ke zaune a ɗaka a ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada ba a kai su ko'ina ba, su san wannan suna tun suna ƙanana. Ina so iyayensu ma su san shi.

Kafin motarmu ta cika a ranar nan, makafin sun zauna hutawa a gindin wata darbejiya. Na sauka na je na durƙusa na gaida dattijon. Na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. A ina aka yi wannan karatu?" Ya juyo da kunnensa wajena, ya laluba ya kama hannuna bai sake ba. Ya ce a wurin wani makaho ya koya tun yana saurayi, shi ma wancan a wurin wani. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar. Ya ɗan ɗaga kai, ya ce, "Malam Aliyu na Zazzau, Allah ya jiƙansa. Ai namu ne."

Na tambaye shi ko yana da wanda yake koya wa. Bai amsa ba, ya dai nuna wajen da yaron yake da haɓarsa. Yaron jikansa ne, da safe yana zuwa firamare, ranar da babu makaranta ne yake riƙe musu sanda. Yana zaune can gefe ya ba mu baya, yana ƙirga canjin da ke cikin ƙoƙo, yana jera 'yan naira hamsin a cinyarsa. Ɗan kamasho ya fara buga motarmu yana kiran sauran mutum ɗaya. Da na zo wucewa ta kusa da yaron sai na ji yana rera baitin da kakansa ya tsaya a kai, a hankali, ya yi kuskure a ɗango na huɗu. Daga gindin darbejiya tsohon ya gyara masa, yaron ya koma farkon baitin.